Satar tuta a gasar jirage marasa inji: wasa ne ko raini?

Malam Isufu, Unguwar Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma da yake na san a cikinmu akwai waɗanda suka zauna a ƙasashen Turai, akwai kuma waɗanda suka san sha'anin jiragen sama, sai na ga gara in kawo ta nan a tattauna da in zauna ina saƙa da warwara ni kaɗai.

Ɗan yayata yana karatu a Jamus, kuma a hutun da ya wuce ya yi aikin sa kai a wata gasa ta ƙasa da ƙasa ta jirage marasa inji, wato waɗanda ake jan su zuwa sama da igiya a sake su, su yini suna shawagi da ƙarfin iska kaɗai. Aikinsa shi ne ya riƙe bakin fiffike ya ɗan yi gudu da shi a lokacin tashi, sannan ya ɗauko igiya ya maƙala wa jirgi na gaba. Ya turo mini hotuna masu yawa ta WhatsApp, amma guda biyu ne suka hana ni sakat. A na farko, tutar wata ƙasa ce rataye a bakin tantin wata ƙasa daban, manyan mutane masu furfura sun kewaye ta suna dariya. A na biyu kuwa, wata ƴar tsana ce mai siffar dabba, wadda wata tawaga take yawo da ita a matsayin alamarta, an ɗaure mata idanu da ƙyalle, an jingina takarda a gabanta cewa ba za a sake ta ba sai masu ita sun biya fansa. Yaron ya ce mini kusan kowane dare sai an yi irin wannan, kuma da safe a taron matuƙa ake sanar da abin da ya ɓata, kowa yana tafi.

Ni malamin makaranta ne, shekarata 19 ina tsayar da yara a layi ana ɗaga tuta ana rera taken ƙasa, ina kuma koya musu cewa ƙyallen nan ba abin wasa ba ne. Ban da wannan, mutanen da ke cikin hoton su ne gobe za su hau jirgin da ba shi da inji, inda kuskure ƙarami kan iya cin rai, kuma kowace tawaga ta zo ne don ta kayar da ƴar'uwarta. To, shin wannan al'ada ce da aka sani a wannan wasa, ko kuwa ƙuruciya ce ta wasu? Kuma me ke hana wanda ya saba shiga tantin abokin hamayyarsa da dare ya wuce daga tuta ya kai hannu ga jirgi? Ina tsoron kada yaron namu ya ɗauki abin da ba zai iya saukewa ba, domin ya ce baɗi ma zai koma.

Injiniya Laminu, Bagalam

Wa alaikumus salam, Malam Isufu. Allah ya saka da alheri da ka kawo wannan magana, domin ta taɓa wani ɓangare na rayuwata da ban cika samun wanda zan ba labarinsa ba. Na yi shekara huɗu a kudancin Faransa ina koyon gyaran jiragen sama, kuma a ranakun hutu nakan je wani ƙaramin fili na ƙungiyar masu shawagi in taimaka musu. Sau biyu na bi wani matuƙi zuwa gasar da ta haɗa ƙasashe da dama a matsayin mataimakinsa, don haka abin da yaronka ya gani ni ma na gan shi da idona, har an yi da ni.

Kafin a fahimci wasan, sai an fahimci zaman da ya haife shi. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da tsakar rana a wajen mahauta ya ga shirwa tana zagaye tana hawa ba tare da ta kaɗa fiffike ba, to ya ga abin da waɗannan matuƙa suke yi. Rana tana gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi zafi ta tashi sama kamar ginshiƙi, irin wadda muke gani a guguwar bazara idan ta kwashi ƙura da karan gero, sai matuƙi ya shiga cikinta ya yi ta zagaye har ya yi nisa, sannan ya miƙe yana gangarowa a hankali har ya sami wata. Jirgin gasa mai kyau yakan yi tafiyar kilomita 40 zuwa 50, wani ma fiye, a kan kowace kilomita ɗaya da ya sauko. Da haka ake zagaya hanyar kilomita 300, wani lokaci 500 ko fiye, a dawo filin da aka tashi. To amma duk wannan a hannun yanayi yake. Gasa takan ɗauki kimanin mako biyu, kuma akwai ranakun da za a haɗa jirage tun da sassafe, a cika fikafikai da ruwan ƙarin nauyi, a ja su a jera a fili, a zauna a rana sa'a uku ana kallon sama, daga ƙarshe a ce an fasa. Akwai kuma lokacin da ruwan sama zai sauka kwana uku a jere. Ka tara mutane ɗari biyu ko uku daga ƙasashe daban-daban a sansani ɗaya, tanti kusa da tanti, zukatansu a ɗaure saboda gasa, ga shi babu abin yi, dole ne abin da ke cikin ƙirji ya nemi ƙofar fita. Ni a ganina, da ya fita ta hanyar gaba da zargi gara ya fita ta hanyar dariya.

Abu na biyu shi ne, wannan wasa ne da mutum ba ya iya yinsa shi kaɗai tun daga tushensa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar sulhu ta 1919 ta takura wa Jamus a sha'anin jirage masu inji, sai matasa da ɗalibai suka fara taruwa a kan tudun Wasserkuppe daga 1920 suna gwada marasa inji. A zamanin, mutane ne suke jan igiyar roba da gudu su harba jirgin daga kan tudu, sannan su gangara su turo shi sama, yau a yi wa wannan gobe a yi wa wancan. A kan wannan tudun aka yi gasar duniya ta farko a 1937. Yau ƙaramin jirgi mai inji ne yake jan su zuwa tsayin kimanin mita 600 ya sake su, amma har yanzu sai wani ya riƙe maka fiffike, sai wani ya maƙala maka igiya, kuma idan iska ta yanke maka ka sauka a gonar wani manomi mai nisan kilomita 100, sai wani ya jawo doguwar tirela ya zo ku kwance jirgin ku loda shi.

Abin da na gani na wasa yana da yawa. Na ga tawagar da ta tashi da safe ta tarar an kwashe mata tebur da kujeru an jera su tsaf a tsakiyar ciyawa, har da faranti da furanni a kai. Na ga an ɗauke butar shayin wata tawaga, kullum da safe a taron matuƙa sai a nuna hotonta a wani wuri daban, yau a bakin kogi gobe a gaban shagon burodi, har sai da masu ita suka amince za su tashi su rera waƙa da harshen waɗanda suka ɗauke ta. Akwai kuma daren da ake keɓewa kowace ƙasa ta kafa tebur da abincinta da abin shanta, kowa ya zagaya ya ɗanɗana, kuma yawancin fansar da ake nema a wannan dare ake biyanta. Tawagar da nake ciki ma an ɗauke mana ƙaramar tutar da ke bakin tantinmu. Bayan kwana biyu, matuƙin waɗanda suka ɗauke ta ya sauka a gona da nisa, motarsu kuma ta ƙi tashi, sai shugaban tawagarmu ya miƙo mini makullin motarmu ya ce in ɗauki mutum biyu daga cikinsu in ja musu tirelarsu. Ba mu dawo ba sai wajen ƙarfe biyu na dare. Wannan matuƙin yana gaban namu da maki kaɗan a lokacin, kuma da an bar jirginsa ya kwana a gona da wuya ya iya tashi washegari, amma ko mutum ɗaya a cikinmu bai kawo wannan lissafi ba. Tutar kuwa ba su mayar ba sai ranar da aka yi alkawari, a ninke, a goge.

Game da tambayarka ta biyu, Malam, akwai iyaka ɗaya wadda ban ga littafin da aka rubuta ta a ciki ba, amma kowa ya san ta: ba a taɓa jirgi, ba a taɓa laimar saukar matuƙi, ba a taɓa na'urorinsa, ba a kuma hana shi barci. Dalilin a fili yake. Akwai wani ɗan siririn bututu da yake ɗaukar iska ya kai wa agogon da ke nuna gudu, wanda idan aka liƙa masa ko ɗan ƙaramin tef, agogon zai yi wa matuƙi ƙarya a daidai lokacin da yake kusa da ƙasa. Fuskar fiffike kuma santsinta ya kai ga cewa ko ƙwarin da suka mutu a bakinsa suna rage masa nisan tafiya, shi ya sa ake goge shi kullum. Nauyi ma ana auna shi, domin kowane aji yana da iyakarsa, misali kilo 600 ga jirage masu fiffiken mita 18, don haka wanda ya ƙara wa wani ruwa da sunan wasa ya jawo masa hukunci. Har ila yau, idan mutum yana haɗa fikafikai da sandunan sarrafa jirgi, ba a ko yi masa magana sai ya gama, gudun kada ya manta ƙusa ɗaya. Sau ɗaya na ga an ƙetare wannan iyaka. Wani saurayi mataimaki ya manna ƴar takardar tambarin ƙasarsu a kan fiffiken wata tawaga, yana zaton abin dariya ne. Sansanin gaba ɗaya ya yi tsit. Ba alƙalan gasa ne suka fara kama shi ba, shugaban tawagarsu ne ya tsayar da shi a gaban kowa ya nemi afuwa, sannan ya hana shi kusantar layin jirage har aka tashi.

Hajiya Rabi, Tibiri

Malam Isufu, ɗana, na karanta tambayarka da amsar Injiniya, kuma ni da ban taɓa ganin irin wannan jirgi ba sai na ji kamar labarin gidanmu ake ba ni. Na yi shekara 31 ina koyarwa kafin in huta, kuma ina tare da kai a kan darajar tuta, amma ina so in tuna maka cewa mu ne bai kamata mu yi mamakin wannan abu ba. Ni Bagobira ce, kuma tun ina yarinya na san idan Bazabarme ya shigo gidanmu zai iya ɗauke hular mahaifina daga kansa ya ce bawansa ne, tsoho ya yi dariya ya rama masa da abin da ya fi haka. Haka Bafulatani da Babarbare, haka Bafulatani da Ba'are, haka taubasai a cikin dangi, waɗanda suke bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki, a kama maka takalmi ko kallabi a ce sai ka fansa. Wannan al'ada ce hukumar UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, kuma ba don dariyar da ke cikinta kaɗai ba, sai don rigimar da take kashewa tun ba ta tashi ba.

Ka duba filin kokowa ma. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Kantu na Maradi ya cinye, jahohi suke haɗuwa kowace da makaɗanta da kirarinta, ana yi wa juna gatse, ƴan cali-cali suna kwaikwayon yadda zakaran wata jaha ya sha ƙasa a gaban mutanensa. Ba a taɓa cewa wannan ya rage wa kokowa daraja ba. Abin da ake tsoro shi ne shiru tsakanin sansani biyu, domin a cikin shiru zargi yake girma.

Amma akwai inda nake ganin namu ya bambanta da nasu, kuma a nan nake so ka ja kunnen yaron. Namu gado ne. Kowa ya san abokin wasansa tun daga haihuwa, kuma wasan yana tafe da nauyi: ba ka fushi da abokin wasanka, ba ka zubar da jininsa, ba ka cin amanarsa, idan ya shiga uku kai ne na farko a ƙofarsa. Taubashi yakan ɗauki hularka amma ba ya buɗe rumbunka. Bagobirin da ya yi wa wanda ba abokin wasansa ba irin maganar da yake yi wa Bazabarme, ya yi zagi ne kawai, kuma za a ɗauke ta a zagi. Su waɗancan matuƙa ba su gaji wasan daga kakanni ba, da hannunsu suka gina shi, ta hanyar haɗuwa shekara da shekaru da ɗauko juna daga gona cikin dare, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Saboda haka masu furfurar da ka gani a hoto suna da abin da suka taka. Yaronka baƙo ne a cikinsu, kuma baƙo ba ya fara wasa. Ya yi aikinsa, ya sa ido ya gane wa ke wasa da wa, ranar da suka ɓoye masa hularsa ya san sun karɓe shi, sannan ne ya sami damar ramawa daidai gwargwado.

Baba Sajan mai ritaya, Sabon Gari

Na ji bayanin Hajiya da na Injiniya, kuma ban ƙi su ba a kan buta da kujera da ƴar tsana. Amma ni a kan tuta ban gamsu ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na yi shekara 24 a cikin kaki, na ga an lulluɓe abokan aikina da wannan ƙyalle an kai su makwanci. Hular mutum tasa ce, yana iya yafe wa taubashinsa ita, amma tuta ba ta matuƙi ba ce balle ya ba da ita a yi wasa, ta dukan mutanen da ya bari a gida ce, waɗanda ba su san wasan ba kuma ba a nemi izininsu ba. Hoto kuma yau ba ya tsayawa a sansani, ga shi daga Jamus ya iso Unguwar Zariya, kuma wanda ya gan shi ba tare da bayani ba raini zai gani. Injiniya, ina so ka gaya mini dalla-dalla, wace tuta ake ɗauka? Ta kan sandar da aka ɗaga ranar buɗe gasa, ko kuwa wata daban? Kuma ana barinta ta taɓa ƙasa?

Nafisa, ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Ali Ɗan Sofo

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Ni ban taɓa zuwa filin gasa ba, amma ina bin gasannin ta intanet saboda sha'awar da nake yi wa na'urorin bin sawu, kuma ina so in ƙara wani gefe da ba a taɓo ba, wato hamayyar da ake yi a sama, domin a can ne ake gane bambancin dabara da ha'inci.

Makin da ya fi yawa da mutum zai iya samu a rana ɗaya shi ne 1000, kuma ana lissafin na kowa ne bisa gudun wanda ya fi sauri. Tun da agogon kowane matuƙi yana fara ƙirga ne daga lokacin da shi kansa ya ƙetare layin farawa, wanda ya ƙetare layin daga baya yana da riba, domin na gaba suna nuna masa inda iska mai hawa take. Saboda haka sai ka ga jirage da yawa suna zagaye a bayan layi, kowa yana jiran wani ya fara. Wani yakan ƙetare layin kamar ya tafi, jama'a su bi shi, shi kuma ya juyo a ɓoye ya sake farawa bayan sun yi nisa. Matuƙan ƙasa ɗaya sukan tashi tare suna taimakon juna ta rediyo, kuma da yake kowa yana iya sauraron kowa, sukan yi amfani da kalmomin da su kaɗai suka san ma'anarsu. Duk wannan halas ne, kuma da yamma a kansa ake tsokanar juna. Amma waɗannan mutanen da suke yaudarar juna a kan lokacin farawa, idan suka haɗu su ashirin a ginshiƙin iska ɗaya, dole kowa ya zagaya ta ɓangaren da wanda ya fara shiga yake zagayawa, tsakaninsu ƴan mitoci kaɗan, kowa ya dogara da cewa na bayansa yana kallonsa. Ina ganin wanda kuka ci abinci tare kuka yi dariya jiya ya fi sauƙin amincewa a irin wannan wuri.

Akwai misali da ya nuna abin da ba a yafewa. A gasar duniya ta mata da aka yi a Lake Keepit ta ƙasar Ostareliya a watan Janairu na 2020, masu shirya gasa suna nuna wa jama'a inda kowane jirgi yake, amma da jinkiri na wasu mintuna don kada wata tawaga ta ci riba da shi. Sai aka gano cewa tawagar masu masaukin baƙi tana samun bayanan nan take ba tare da jinkirin ba, aka rage wa matuƙanta maki, maganar kuma ta kai har gaban hukumar wasannin sama ta duniya, wato FAI, wadda aka kafa a 1905 kuma mazauninta yake birnin Lozan. Babu wanda ya kira wannan wasa, domin ya taɓa maki, kuma an yi shi ne a ɓoye. Satar ƴar tsana kuwa ana yinta ne don a gani, har da takardar neman fansa, kuma mai yinta yana jiran a rama masa. Don haka, Malam, ni ba shigar dare cikin tanti ce take ba ni tsoro ba, abin da ake yi da waya da kwamfuta ba tare da kowa ya sani ba ya fi kamata a sa wa ido.

Malam Isufu, Unguwar Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki cewa baƙo ba ya fara wasa na tura wa yaron ita kamar yadda kika rubuta. Ina tare da Baba Sajan a kan cewa tuta ta fi hula nauyi, kuma ina jiran amsar Injiniya a kan wannan, domin yanzu tambayar ta zo gida. Yaron ya ce ko da yake Nijar ba ta da tawaga a wurin, masu shirya gasar sun ce idan ya dawo baɗi za su ba shi ɗan tebur a daren abincin ƙasashe, kuma yana so in aika masa da ƙaramar tutarmu da kilishi. Na ce masa ya dakata sai na yi shawara.

Injiniya Laminu, Bagalam

Baba Sajan, ranka ya daɗe, tambayarka ta dace. Tutocin da ake ɗagawa a kan sanduna ranar buɗe gasa suna hannun masu shirya gasa ne, kuma a wurare biyun da na je ban ga wanda ya kusance su ba. Waɗanda ake ɗauka su ne ƙananan da tawagogi suke ratayawa a tanti ko a jikin mota don a gane masaukinsu. Tamu da aka ɗauka a sama aka rataye ta, kusa da tasu, ba a yi rubutu a kanta ba, ba a kuma bar ta a ƙasa ba. Duk da haka na yarda da kai cewa wanda ya ga hoto daga nesa ba zai san wannan ba, kuma na san tawagogin da suka faɗa tun ranar farko cewa a yi wasa da komai nasu ban da tuta, aka kuma kiyaye musu.

Malam Isufu, shawarata ita ce ka aika masa da tutar, ya shimfiɗa ta a bayan teburinsa a daren, idan an watse ya ninke ta ya sa a jakarsa, kada ya bar ta a waje ta kwana. Idan yana so ya bar musu abin da za su ɗauka, ka haɗa masa da malfa ko ƙaramar ƙwarya mai zane, wannan ya isa ya buɗe ƙofar wasa. Kilishi kam kada ka aika, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shigar da nama cikin kayan matafiyi ko ta gidan waya daga ƙasashe irin tamu, za a ƙwace shi a filin jirgi. Ka aika da ƙuli-ƙuli da busasshen zoɓo da citta da kanumfari, ya dafa ya sanyaya tun da rana, ya kuma gaya wa duk wanda zai ɗanɗana ƙuli-ƙulin cewa da gyaɗa aka yi shi, domin a cikinsu akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, kuma wasunsu za su tashi sama washegari.